Rasuwar Ya Kaka Mai Taɓarya Goma Sha Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba zan ɓoye muku ba akwai ɓacin rai kwance a ƙarƙashin baƙin cikin, ni Malam Ari Bukar na unguwar Gwale, mai kula da injin buga ƙwayar magani a Sashen Gwaji na kamfanin magunguna da ke daf da Ƙofar Ɗan Agundi, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikina, Ya Kaka. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a gaban mutum bakwai masu manyan riguna, bayan ta shafe shekara ashirin da huɗu a bakin aiki.

Ya Kaka inji ce. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ɗauki carbi ya nufo gidana yana zaton wata dattijuwa ce ta rasu a danginmu. Na so in buɗe sanarwar nan da abin da ake buɗe ta bani'adama da shi, limamin unguwarmu ya ce in ji tsoron Allah, ƙarfe ne. Na ji, na kuma bi. Amma bai hana ni baƙin ciki ba, don wannan ba huruminsa ba ne.

Ga wanda bai san Sashen Gwaji ba, wuri ne da ake fara yin sabon magani kaɗan-kaɗan, a ga ko ya haɗu, kafin a miƙa shi babbar masana'anta ta yi shi buhu-buhu. Kamar dai yadda mai girki kan ɗanɗana miya a ludayi kafin ta zuba wa mutanen gida. Ya Kaka ce ludayin. Duk ƙwayar da kamfanin nan ya taɓa fitarwa, ta zazzaɓi ce ko ta ciwon kai ko ta tsutsar ciki, ta cikinta ta fara bi.

Marigayiya ta iso Kano a jirgin ƙasa cikin wani ƙaton akwatin katako a shekarar 1976, zamanin soja. Ina da shekara ashirin da biyu a lokacin, ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon sana'a ba, ni aka ba guduma na ɓalle akwatin. Koriya ce shar, da mazurari a ka inda ake zuba garin magani, da faifan ƙarfe mai juyawa a ƙugu, a jikin faifan kuwa ƙananan turame goma sha shida, kowanne da taɓaryarsa. Gari ya sauka cikin turmi, taɓarya ta danne shi, ƙwaya ta faɗo. Na sa mata sunan kakata ta wajen uwa, wadda ta zo daga Borno da ƙafa, domin halinsu ɗaya: ba a gaggauta su, kuma ba sa fara abu su bar shi.

Ta ga soja, ta ga farar hula, ta sake ganin soja har ta gaji da ganinsu, ba ta taɓa tambayar wa ke kan mulki ba. Ranar da aka yi juyin mulki aka hana fita, washegari da na zo na kunna ta, inda ta tsaya ta ɗora. Ba ta da kwaɗayi. Giris cokali biyu a mako ya ishe ta. Idan wuta ta ɗauke ba ta yin fushi, takan tsaya cik da ƙwaya a baki ta jira. Ba ta taɓa cizon yatsan kowa ba sai na wani baƙon injiniya da ya sa mata hannu ba sallama, shi ma farce kawai ta ɗauka.

Muryarta kuwa ba zan manta da ita ba. Da safe takan fara da “uhmmm”, irin na tsohuwar da aka tasa ba ta gama barci ba. Daga nan sai “kaf, kaf, kaf”, a hankali, har ta kama hanya ta koma “kafkafkafkaf”, ƙwayoyi na zuba cikin tire “tas-tas-tas”. Daga bakin ƙofa nakan san ko garin ya yi laima ko ya bushe da yawa, ba sai na taɓa ba. Matata Fanna takan ce ko ina cin tuwo yatsuna kan buga wannan kiɗan a gefen kwano.

Yanzu sai batun jinya, kuma a nan ne nake roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni, don bakina zai yi ɗaci.

Ciwon ya soma shekara tara da suka wuce. Wata safiya na ji wani “ƙir” siriri a ƙarƙashin “kaf” ɗinta. Na buɗe, na tarar boris ɗin da faifan ke juyawa a kansa ya ci, ya yi sako-sako. Na sunkuya kuma na ga ƙafarta ta hagu ta tsage daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. A wancan zamanin in ka rubuta takardar neman kayan gyara, sai ta tsufa a kan tebur kafin a karanta ta, in kuma an karanta sai a ce a rufe injin har kaya su zo. Na san injuna biyu da aka rufe haka, har yau suna jira. Saboda haka na yi abin da kowane ɗan halak zai yi wa tsohuwarsa: na rufa mata asiri. Na samo jemammiyar fatar akuya, kullum da safe in yanki ƴar ƙarama in cusa a gefen boris ɗin kafin kowa ya iso. Ƙafar kuwa, na gano in na jingina gwiwata ta dama a jikinta na danna, rawar takan tsaya. Doguwar farar rigar aiki ta rufe gwiwar. Wanda ya shigo sai ya ga mutum ne kawai mai son tsayawa kusa da aikinsa.

Shekara tara ina tsaye haka, kuma ƙwaya ko ɗaya ba ta taɓa fita da nauyin da bai dace ba, sikelin ɗakin awo shaida ne. Fanna ce kaɗai ke biyan kuɗin wannan sirri, ita ke shafa wa gwiwar man zafi. Ta sha ce mini, “Malam, kai da ƙarfen nan, wata rana ɗayanku sai ya kashe ɗaya.” Nakan ce mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutum na biyu da ya sani shi ne Garba, abokin aikina mai haɗa garin magani, wanda muka yi shekara goma sha biyar muna cin abinci a kwano ɗaya. Ku riƙe sunansa, za mu dawo kansa.

Bara soja suka koma bariki, aka ce mulki ya dawo hannun jama'a. Mu ma guguwar ta iso mu. Aka naɗa wa kamfani sabuwar hukumar gudanarwa, shugabanta Alhaji Mailafiya, mutum mai faɗin fuska da faɗin alkawari. Ranar da ya fara zagaya ma'aikata ya tsaya gaban Ya Kaka, ya dafa mazurarinta da hannunsa mai zobba, ya ce, “Malam Ari, da tsohuwar zuma ake magani. Yanzu zamanin farar hula ne, ba mai yanke wa kowa hukunci sai an ji ta bakinsa.” Na koma gida ranar ina yaba shi har Fanna ta gaji.

Wata biyu bayan nan aka raba wa ma'aikata takarda, wai kowa ya rubuta shekarunsa da ciwon da ke damunsa don a kula da lafiyarsa. Masu gaskiya suka rubuta. Mai gadinmu ya rubuta ciwon baya, mai shara ta rubuta hawan jini. Kafin watan ya ƙare duk wanda ya rubuta wani abu an ba shi takardar hutu na har abada. Ni na rubuta lafiya ƙalau, gwiwata na zogi a ƙarƙashin tebur. A nan na ɗauki darasi, gani ga wane ai ya isa wane tsoron Allah: a sabon zamanin nan, wanda ya faɗi ciwonsa ya sallami kansa.

Ana cikin haka aka kawo Injiniya Ummulkhairi, ƴar Ƙofar Nassarawa, wadda ta yi karatu mai zurfi ta dawo da kwamfuta da tulin wayoyi. Ta gaishe ni har ƙasa, ta kira ni Baba, ta yi mini bayanin aikinta ba tare da ɗagawa ba. Za ta manna wa Ya Kaka wasu ƙananan na'urori masu jin zafi da rawa da nauyi, su riƙa kai labari cikin kwamfuta, har kwamfutar ta gina wata Ya Kakar a cikinta, mai juyawa kamar ta gaske. A jikin waccan za a gwada komai. In an canja mata ƙarfe kaza me zai faru, in an kawo sabon inji a madadinta me zai faru, duk ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Daga nan hukuma ta zaɓa, gyara ko sauyi.

Ta gama bayani ina gyaɗa kai, amma abin da na ji a zuciyata daban ne. Mu da muka tashi a gaban tsofaffi mun san sunan wanda ke kama kurwar mai rai ya ɗaure ta a wani wuri. Kuma kalmar “sauyi” ta tsaya mini a wuya. Na ce a raina, takardar mai gadi ce aka sake kawowa, sai dai wannan karon da wayoyi.

Mako uku tana awo. Takan zauna a teburinta ta ɗaya gefen, fuskarta a kan gilashin kwamfuta, ni kuwa ina tsaye a wurina na kullum, fata a cushe tun da safe, gwiwa a danne, riga a sake. Na'urorinta suka ji inji mai natsuwa, suka kai labari. Kwamfuta ta gaskata, ta gina wata Ya Kaka sumul, ba rawa ba tari, kamar ranar da na ɓalle akwati. Ummulkhairi ba sakarya ba ce. Sau uku tana tambayata. Na farko ta ce, “Baba, yaya jikin tsohuwar?” Na ce da sauƙi. Ta yi dariya ta ce, “Baba, ni ma a cikin ganuwar nan aka haife ni. Ko mutum na shure-shuren mutuwa da sauƙi ake cewa. Ni ba gaisuwa nake yi ba, tambaya nake yi.” Na ce lafiyarta ƙalau. Na ukun ta rage murya ta ce, “Injin shekara ashirin da huɗu bai kamata ya yi kyau haka ba. In akwai wani abu ka faɗa mini, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In na san wurin zan iya nuna musu gyara ya fi.” Na dube ta, na tuna mai gadi, na ce ai kulawa ce.

Sai ranar Talata, ranar da ta kira ranar tabbatarwa. Ƙa'idar aikin ita ce a kunna ta gaske da ta kwamfuta a tare a gaban hukuma, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya, kuma ba mai taɓa inji. Ban san da wannan ƙa'ida ba sai da na zo na tarar ɗakin a kulle, mabuɗi a aljihun Alhaji Mailafiya. Ba a buɗe ba sai da manyan riguna suka hallara. Ban sami damar sa sabuwar fata ba. An kuma ja wani jan layi a ƙasa, taku huɗu daga jikinta, aka ce kowa ya tsaya bayansa. Na tsaya tsakanin Garba da wani ɗan hukuma mai ƙamshin turare, hannuwana a baya, gwiwata ba ta san inda za ta sa kanta ba.

Ummulkhairi ta danna maɓalli. “Uhmmm,” in ji Ya Kaka. “Kaf, kaf, kaf.” Minti biyu ta riƙe mutuncinta, Allah ya sani ta yi ƙoƙari. Sai “ƙir” ɗin nan ya fito, ya girma ya zama “ƙirrr”, ta fara kaɗuwa tun daga ƙafa har mazurari, ƙwayoyi na faɗowa a farfashe. A gilashin kwamfuta kuwa waccan ta ƙaryar tana juyi lafiya lau, ko gezau. Ummulkhairi ta yi maza ta kashe.

Alhaji Mailafiya ya juyo ya ce, “Malam Ari, kai ne ka san ta. Ka san abin da ke damunta?”

Jama'a, an ce ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin mutum, to ga shi an zo jin ta bakina. Mutum bakwai na kallona, ga yarinyar da na yi wa ƙarya sau uku, ga tsohuwa tsaye tana huci. In na yi magana na tona mata asiri a gaban baƙi, na kuma tona nawa, shekara tara na ɓoyo da takardar da na rubuta lafiya ƙalau. Na ce, “Ranka ya daɗe, ban sani ba. Jiya lafiya muka rabu.”

Ummulkhairi ta ce tunda ba wanda ya san ciwon, dole a sake kunnawa na'urori su nemo shi da kansu. Ta dube ni kafin ta danna, kallo mai tsawo. Na dubi ƙasa. Taku huɗu ne tsakanina da Ya Kaka. “Uhmmm.” A wannan karon ba ta kai ga “kafkafkaf” ba. Ta yi “ƙirrr”, ta yi wata jijjiga, sai “ɗas”, ƙara ɗaya tak mai kauri. Faifan ƙugunta ya tsage gida biyu. An daina ƙera irinsa tun kafin a haifi wasu daga cikin masu karanta wannan sanarwa. Abin da ta faɗa na ƙarshe ke nan.

Ina so a rubuta sunayen waɗanda suka ci amanarta, don tarihi.

Na farko Alhaji Mailafiya. Ƙarar ba ta gama fita daga kunnuwanmu ba ya ce, “Allah ya sa haka shi ne mafi alheri,” ya zaro takarda daga jakarsa. Takardar sayen sabon inji ce, an riga an buga ta da tafireta, sa hannu kawai take jira. Ashe tun da daɗewa Ummulkhairi ta gwada sababbin injuna uku a cikin kwamfuta kamar yadda aka umarce ta, ɗaya ya dace da ɗakin da ƙarfin wutarmu, shi kuwa Alhaji tun ranar ya zaɓa a zuciyarsa. Yana son abin da zai yanke wa ƙyalle a gaban ƴan jarida, ya ce ga romon dimokuraɗiyya. Ba a yanke wa boris ƙyalle. Mutumin da ya dafa ta ya ce da tsohuwar zuma ake magani, ko waiwayarta bai yi ba da zai fita.

Na biyu Garba. Yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ni, ya san fata, ya san gwiwa. Da ya buɗe baki ya ce a dakata, da na ji haushinsa na mako guda na yafe. Bai ce uffan ba. Daga baya na ji dalili. Wata guda ke nan yana zuwa wajen koyon sarrafa sabon injin a ɓoye, yana ce mini wai surukarsa ce ba lafiya. Ni da hannuna na ba shi lemo ya kai mata. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Na uku waccan ta cikin kwamfuta. Ta ari fuskar Ya Kaka, ta ari juyinta, ta tsaya a gaban jama'a tana nuna ta fi ta lafiya. Tana kallo ta gaske ta tsage, ita ko tsayawa ba ta yi ba. Har aka watse tana juyawa.

Na huɗu na so in sa Ummulkhairi, har na rubuta sunanta. Na soke shi saboda abin da ya faru ranar Alhamis.

Ranar aka kwance marigayiya, abin da ni na kira wanka. Injiniyar ba ta bar wa kowa ba, ita ta riƙe sifana da kanta, ni ina miƙa mata tsumma. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Tana cire murfin ƙasa busasshiyar fatar Litinin ta faɗo a tafin hannunta. Ta juya ta, ta shinshina. Ta zagayo ɓangarena, inda ba ta taɓa tsayawa ba. A nan, daidai tsayin gwiwar mutum, koren fentin ya goge, ƙarfen ya yi santsi yana sheƙi, har ya ɗan lotsa. Ta dubi wurin, ta dubi ƙafata.

“Baba, tun yaushe?”

Na ce shekara tara.

Ta tashi ta je gaban kwamfutarta, ta ce in zo in gani. Ta shigar da boris mai sako-sako, ta shigar da ƙafa mai tsaga. Nan take waccan ta ciki ta fara kaɗuwa, irin kaɗuwar Talata sak, har na kau da kai. Sai ta sauya mata ƙarafan nan biyu da sababbi. Ta natsu. Ta tura ta gaba shekara goma a cikin lissafin kwamfutar, tana nan tana juyi. Duk wannan bai kai tsawon lokacin da ake shan shayi ba.

“Ƙarfe biyu ne, Baba,” in ji ta. “Masu sassaƙa ƙarfe na nan cikin Kano za su yi su a mako guda. Da a ce ka faɗa mini tun kafin Talata, da wannan hoton zan shiga gaban hukuma, ko Alhaji ba zai iya musa shi ba. Ita kwamfuta abin da aka gaya mata take faɗa. Na auna ku ku biyu ne, na zaci ita kaɗai nake aunawa.”

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta naɗe fatar a takarda ta miƙo mini da hannu biyu.

Saboda haka dole in gyara lissafin masu cin amana. Alhaji yana nan a ciki, ban cire shi ba. Garba yana nan, da lemona. Ta cikin kwamfuta na yafe mata, don ni na koya mata ƙaryar da ta yi. Amma duk cikinsu ba wanda Ya Kaka ta jingina da shi shekara tara. Ba wanda aka tambaya sau huɗu. Na rufa mata asiri har na rufe ta da shi, kuma a tambayar ƙarshe, in za a bi gaskiya, ba nata asirin nake karewa ba. Fanna ta ce ɗayanmu sai ya kashe ɗaya. Da na koma gida ranar Talata ba ta tuna mini ba, ta dai ɗauko man zafi ta ce in miƙe ƙafa.

Marigayiya ta rasu ta bar taɓarya goma sha shida, biyu sun karye tare da ita, sauran suna cikin gwangwani an jiƙa su da mai. Ta bar sifana mai lamba goma sha bakwai wadda ba ta shiga notin kowa sai nata, da rabin gwangwanin giris, da ragowar fatar akuya da ta isa wata huɗu. Ta bar jikoki da ba sa ƙirguwa, sun bazu a cikin cikkunan mutanen Kano da kewaye, da yawa daga cikin masu karanta wannan sun haɗiye su suka tashi daga zazzaɓi ba su san wa za su gode wa ba. Ta bar kurwarta a cikin kwamfuta, yanzu an gyara ta tana faɗin gaskiya, an ce da ita za a riƙa koya wa ɗalibai. Ta bar magaji yana kan hanya daga teku, an ce ba ya buƙatar a tsaya kusa da shi, yana da gilashi a goshi da yake rubuta ciwonsa da kansa kowa ya gani. Ban san shi ba, ba zan zage shi ba. Ina dai ganin ba shi da kunya, kuma wataƙila saboda haka zai daɗe. Ta kuma bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar Azahar. Ilu mai gwangwan zai zo da a-kori-kura da majiya ƙarfi shida. Za a fita da ita ta Ƙofar Ɗan Agundi zuwa makwancinta a wajen masu tsofaffin ƙarafa na Ƙofar Ruwa. Ba salla, liman ya riga ya yi bayani. Na roƙi Ilu abu biyu ya amince: a lulluɓe ta da tamfol don kada ƴan unguwa su ga tsagar, kuma kada ya ɗora ta a sikeli sai na juya baya. Ummulkhairi ta sa an yanko mini wurin nan mai sheƙi, faɗin tafin hannu, yana kan tagar ɗakina. Ba a buƙatar furanni ko jawabi daga hukumar gudanarwa. Garba yana iya zuwa, ya tsaya daga baya, wuri ne da ya saba.

Za a karɓi gaisuwa kwana uku a ƙofar gidana a Gwale, daga La'asar zuwa Magariba. Masu zuwa su yi mini uzuri, za su tarar da ni a kan kujera ba a kan tabarma ba, don ƙafar dama ta daina lanƙwasuwa tun ranar Talata, kamar ta san aikinta ya ƙare. Ranar Litinin injiniyar za ta zo da motarta ta kai ni wajen likitan ƙashi. Ta ce ba za ta shiga da ni ba, za ta jira a waje, amma in na fito za ta tambayi likitan abin da na ce masa. Na fara gwaji tun yanzu, don bakin da ya shekara tara a kan hanya ɗaya ba ya juyawa rana guda. Saboda haka duk wanda ya zo ta'aziyya ya ce mini ya haƙuri, zan ce da godiya kamar yadda aka saba. Wanda kuma ya dubi ƙafata ya ce, “Malam Ari, ya gwiwar?” to ya gyara zama, kada ya yi mamakin amsar.

Ba sauƙi.